Yadda ake magance faɗuwar pH a tankin murjani na ruwan gishiri

Ruwan teku na asali yana zaune ne a wajen pH 8.1; pH shi ne ma'aunin tsamin ruwa, iya saukar lambar iya ƙaruwar tsamin. A tankin murjani na cikin gida, wato tankin da ake kiwon halittun teku masu gina ƙashi kamar dutse, duk abin da ya faɗa tsakanin 7.8 da 8.3 ana zaune lafiya da shi. Inda ake fara damuwa shi ne lambar ta sauka ƙasa da 7.8 ta yi zamanta a can kwana da kwanaki. Murjani mai ƙashi da kalsiyam kabonet yake gina jikinsa, kuma iya saukar pH iya wahalar ginin. Idan aka gangara wajen 7.6 zuwa ƙasa, ƙashin da ya riga ya ginu ma yana iya fara narkewa a hankali.

Abu biyu ne ke yanke pH a ruwan gishiri. Na farko alkaliniti, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na shanye tsami, ana auna shi da dKH. Na biyu iskar CO2, wadda muke fitarwa in muna numfashi, da ta narke a cikin ruwan. Idan alkaliniti na nan daidai amma pH ya faɗi, to CO2 ce ta yi yawa, kuma galibi daga iskar ɗakin da tankin yake take shiga. Iskar waje tana ɗauke da CO2 kusan ppm 420, wato kashi 420 cikin miliyan. Ɗakin da aka rufe tagoginsa, mutane na numfashi, ana girki da gas, yana iya haura ppm 1000. Duk lokacin da CO2 ta ninka, pH na sauka da kusan 0.3. Ke nan tankin da zai ba da 8.2 a iskar waje zai ba da 7.9 a ɗakin da CO2 ta ninka, alhali babu abin da ya lalace a cikin ruwan.

Kayan aiki

- Mitar pH mai sandar awo. Idan babu, kayan gwaji na ɗigo mai canza launi zai yi, muddin na ruwan gishiri ne kuma yana karanta 7.4 zuwa 8.8.
- Ruwan saita mita, na pH 7.0 da na pH 10.0, gara na ƙananan leda da ake buɗewa a yi amfani sau ɗaya.
- Kayan gwajin alkaliniti, da na kalsiyam da magniziyam.
- Ma'aunin gishiri da ma'aunin zafi.
- Ƙaramin famfon iska, siririn tiyo da dutsen kumfa.
- Kofuna biyu masu tsabta, na gilashi ko roba, waɗanda sabulu bai taɓa ba.
- Tataccen ruwan RO (wanda na'urar tacewa ta cire wa gishiri da ma'adinai), sikelin giram, sirinji.
- Safar hannu da tabarau na kariya.
- Littafin rubuta awo.

Sauran kaya, irin su garin kalk, bekin soda da ƙwayoyin soda-laim, kada ka saya sai ka kai matakin da ya nuna kana bukatarsu.

1. Fara tabbatar da cewa mitar ba ƙarya take maka ba

Da yawa daga cikin tankunan da ake cewa pH ɗinsu ya faɗi, sandar awo ce ta tsufa ko saitinta ya goce. Wanke bakin sandar da ruwan RO, ka tsoma ta a ruwan 7.0 har lambar ta tsaya cak, ka saita. Sake wankewa, ka tsoma a 10.0, ka saita. Kada ka saita da 4.0 da 7.0 kamar yadda wasu takardun mita ke cewa, domin abin da za ka auna yana tsakanin 7 da 10 ne. Ruwan saitin ya zama zafinsa ɗaya da na tanki. Ajiye ledar a kan ruwan tankin na minti goma sha biyar kafin ka buɗe.

Ruwan 10.0 yana da hali guda: da an buɗe shi yake fara shan CO2 daga iska, pH ɗinsa ya riƙa sauka. Kwalbar da aka buɗe watanni shida da suka wuce ba abin dogaro ba ce. In ba ka da sabo, narka giram 3.8 na garin boraks a lita ɗaya ta ruwan RO. A zafin digiri 25 wannan haɗi yana ba da pH kusan 9.2, kuma mitar da ta karanta nesa da haka tana bukatar sabon saiti ko sabuwar sanda. Sanda kan yi shekara ɗaya zuwa biyu. Alamar tsufanta ita ce jan ƙafa: ta ɗauki mintuna kafin lambar ta tsaya. Kada ka bar bakinta ya bushe, kada kuma ka ajiye ta a ruwan RO. Akwai ruwan ajiya na musamman da ake sayarwa tare da ita.

Mai gwajin ɗigo ya duba ranar lalacewar maganin, ya kuma karanta launi a hasken rana a kan farar takarda. Ƙarƙashin shuɗin fitilar tanki kowane launi ƙarya ne.

2. Auna sau biyu a rana, kwana uku a jere

pH ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da rana ƙananan gansakukan da ke zaune cikin naman murjani suna shan CO2, sai ya hau. Da dare komai numfashi yake yi yana fitar da ita, sai ya sauka. Saboda haka ka auna ana gab da kunna fitila, lokacin da ya fi ƙasa, da kuma ana gab da kashe ta, lokacin da ya fi sama. Tazarar 0.1 zuwa 0.3 tsakanin biyun ba laifi ba ce.

Yadda lambobin suka jeru shi ke nuna inda za a dosa. Tankin da ke ba da 7.75 da safe da 8.2 da yamma, dare ne matsalarsa. Wanda ke ba da 7.7 da safe kuma bai wuce 7.9 ba ko da yamma, dukkan yininsa a nutse yake cikin CO2. Wanda kuwa ke tsakanin 7.9 da 8.1, murjani na buɗewa yana ƙara tsawo, a bar shi ya huta.

3. Duba alkaliniti kafin ka taɓa komai

Abin da ake so shi ne dKH 7 zuwa 11, kuma yawancin masu murjani suna zama a 8 zuwa 9. Kalsiyam ya kasance ppm 380 zuwa 450, magniziyam 1250 zuwa 1350, ma'aunin gishiri kuma ya nuna 1.025 zuwa 1.026.

Idan alkaliniti ya gaza 7, shi za a fara ɗagawa. Giram 3 na bekin soda a lita 100 na ruwa yana ƙara kusan dKH 1. Ka yi lissafi da ainihin ruwan da ke ciki, bayan ka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye. Narka garin a ruwan RO, ka zuba a hankali inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kuma kada ka ƙara fiye da dKH 1 a rana guda.

Sai dai bekin soda yadda yake ba ya ɗaga pH, har ma yakan ɗan sauke shi na ɗan lokaci. Wanda ke ɗagawa shi ne gasasshensa. Baza shi a kan faranti, ka sa a oben mai zafin digiri 150 zuwa 200 na awa ɗaya. Zafi zai kori ruwa da CO2 daga jikinsa ya koma sodiyam kabonet. Sikeli ne zai gaya maka ya gasu: giram 100 zai dawo kusan 63. Wannan ya fi ƙarfi, giram 1.9 a lita 100 ya isa dKH 1. In ka zuba za ka ga ɗan farin gajimare ya tashi ya watse nan take, ba komai ba ne.

A nan ne yawancin masu farawa ke faɗawa rami. Alkaliniti na 8, pH na 7.8, sai a sayo kwalbar da aka rubuta tana ɗaga pH a yi ta zubawa. Lambar za ta yi tsalle, a ji daɗi, kafin washegari ruwan ya sake shan CO2 daga ɗaki ya koma inda yake. A sake zubawa. Cikin mako biyu alkaliniti ya kai 14, farin dutse ya lulluɓe hita da cikin famfo, kalsiyam ya faɗi, kan rassan murjani ya fara fari kamar an ƙona shi. Garin neman gira an rasa ido. Waɗannan kwalabe kusan duk alkaliniti ne a cikinsu, kuma ribar ba ta da yawa: daga dKH 8 zuwa 11, abin da pH zai ƙaru na dindindin bai wuce 0.14 ba.

4. Gwajin kofi biyu

Wannan gwaji na awa ɗaya shi ke raba gardama. Ɗebi ruwan tanki a kofi, ka auna pH ka rubuta. Sa dutsen kumfa a ciki, famfon iska na cikin ɗakin da tankin yake, ka bar shi yana ɓulɓula awa ɗaya, ka sake aunawa. Ɗebi kofi na biyu ka yi haka, amma wannan karon ka fitar da famfon waje, cikin inuwa, ya ja iskar sarari. Idan waje ya fi ɗaki sanyi ko zafi sosai, bari kofin ya dawo zafin tanki kafin ka auna, domin zafi kansa na motsa lambar.

Idan duka kofunan sun hau, iskar ɗakin ba ta da laifi sosai, tankin ne ba ya numfashi yadda ya kamata. Je mataki na 5. Idan na waje ya hau, na ciki bai motsa ba ko ma ya ƙara sauka, ɗakin ne cike da CO2, kuma ƙara kumfa a tankin ba zai amfana komai ba. Je mataki na 6. Idan babu wanda ya motsa alhali alkaliniti na daidai, koma mataki na 1, awon ne ke da matsala.

5. Buɗe wa ruwa hanyar numfashi

Ta fuskar ruwa CO2 ke fita. Murfin gilashi yana tare ta a saman ruwa, don haka a musanya shi da raga, wadda za ta hana kifi tsalle ba tare da toshe iska ba. Karkata famfo ɗaya sama har fuskar ruwan ta riƙa rawa sosai. Idan ka leƙa daga ƙasa ka ga wata yana mai maiƙo ta shimfiɗu a sama, ita ma shamaki ce. Shimfiɗa takardar goge hannu a kai ka ɗaga, sannan ka gyara mazubin da ruwa ke bi ya fita daga tankin ya riƙa jan na sama.

Sikima, wato na'urar kumfa mai fitar da datti, ita ce babbar huhun tanki. Bututun da take jan iska yakan toshe da busasshen gishiri ba a sani ba. Bari ya tsotsi ɗan ruwan RO mai ɗumi, za ka ji ƙarar iskar ta canza. Idan kabad ɗin da ke ƙarƙashin tanki a rufe yake ruf, huda bayansa ko ka sa ƙaramar fanka. Sannan a zuƙe dattin da ya taru a ƙasan tanki da bayan duwatsu, a rage abincin da ke saura, domin duk abin da ya ruɓe CO2 yake zama.

6. Gyara iskar da tanki ke sha

Mafi arha shi ne buɗe taga. Gwada kwana biyu ka ga bambanci a littafinka. Yawanci matsalar kan taso ne a lokacin da ake rufe gida saboda sanyi, ko saboda na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke juya iska ɗaya ba ta kawo sabuwa. In ana girki da gas kusa, a kunna fankar fitar da hayaƙi.

In taga ba za ta buɗu ba, ja wa sikima tiyo daga waje. Tiyon ya fi bakin sikima faɗi, musamman in zai yi tsawon mita biyu ko fiye, domin siriri mai tsawo yana shaƙe ta, kumfa ya ragu. Bakinsa na waje ya kalli ƙasa saboda ruwan sama, a ɗaura masa raga saboda ƙwari, a kuma nisanta shi da hayaƙin mota, na janareta da bututun hayaƙin girki. Babban haɗari shi ne feshin maganin ƙwari: sikima za ta zuƙo shi kai tsaye cikin ruwa, kuma jatan lande da ƙananan halittun tanki ba sa jure shi ko kaɗan. Sa ɗan gwangwanin gawayin tace ruwa a kan hanyar tiyon, ranar feshi kuma a cire tiyon gaba ɗaya.

Hanya ta uku ita ce matatar CO2: gwangwani cike da ƙwayoyin soda-laim, irin waɗanda ake amfani da su a na'urar sa barci ta ɗakin tiyata, a haɗa shi da bakin iskar sikima. Yakan ƙara 0.1 zuwa 0.3. Ƙwayoyin farare ne, suna komawa shunayya in sun ƙoshi. Wani abu da ke ruɗar mutane shi ne launin kan koma fari bayan an ajiye su sun huta, alhali ƙarfinsu ya ƙare. Littafin awo ya fi launi gaskiya. Suna aiki da kyau in iskar na da ɗan danshi, shi ya sa wasu ke jan iskar daga murfin kofin sikima ta zagayo. Wannan na sa su daɗe, amma in kofin ya cika ya yi ambaliya, ruwa zai bi ta cikin soda-laim ya koma tanki da kaifi mai kisa. Duk mai yin haka ya sa kwalbar tarko tsakanin kofin da gwangwanin. Kuɗin sauya ƙwayoyi kuma ba ya ƙarewa, don haka tiyon waje ya fi in da hali.

7. Cike ramin dare da ciyawar ruwa

Ga tankin da dare ne matsalarsa, ware wani sashe a tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban inda ruwa ke zagayawa ya dawo, ka sa ciyawar Chaetomorpha, mai kama da curin koren zare. Ba ta fitila mai ƙarfi, ka sa taima ta kunna lokacin da fitilar babban tanki ta mutu, awa 10 zuwa 12. Tana shan CO2 daidai lokacin da sauran ke fitarwa. Sai tana girma take aiki, don haka a riƙa yage kashi ɗaya cikin uku duk bayan mako biyu ko uku, a juya curin. Ɗan dunƙule kamar lemo a tankin lita 400 ba zai motsa komai ba. In nitiret da fosfet, sinadaran da ke fitowa daga datti waɗanda su ne abincinta, sun ƙare ƙaf, za ta yi fari ta narke, ta ƙara wa ruwan datti.

8. Ruwan kalk

Wannan shi ne mafi ƙarfi a cikin abin da ake zubawa, kuma shi ya fi saurin yin ɓarna. Garin kalsiyam haidroksaid ne ake narkawa a ruwan RO. In ya shiga tanki yana cinye CO2 ya mai da ita alkaliniti, ya kuma kawo kalsiyam daidai gwargwadon yadda murjani ke cin su biyun.

Sa safar hannu da tabarau, kada ka shaƙi ƙurar. Zuba giram 1.5 a kowace lita ta ruwan RO, ka motsa na minti ɗaya, ka rufe ruf, ka bar shi ya kwanta awa biyu ko fiye. Zai rabu uku: ɓawo siriri a sama, ruwa garau a tsakiya, farin laka a ƙasa. Na tsakiyar kaɗai ake so. pH ɗinsa ya haura 12. Kada ka sa masa dutsen kumfa, kada ka bar shi a buɗe, iska na kashe ƙarfinsa. Ruwan gishiri kuma ba a haɗa shi da kalk a mazubi.

Lita ɗaya ta wannan ruwa a lita 100 na tanki tana ƙara kusan dKH 1.1 da kalsiyam ppm 8. Saboda haka sai ka san abin da tankinka ke ci kafin ka fara. Dakatar da duk wani ƙarin alkaliniti, ka auna yau da ƙarfe takwas, ka auna gobe da ƙarfe takwas; bambancin shi ne cin yini. A ce tankin lita 300 ne, yana cin dKH 0.5 a rana, ruwan da ke ƙafewa kuma lita 3 ne. In ka mayar da duka lita ukun da cikakken kalk, ka zuba dKH 1.1, fiye da ninkin bukata, alkaliniti zai yi ta hawa. Sai ka rage garin zuwa giram 0.7 a lita, ko ka ba da lita ɗaya da ɗan ƙari na cikakken, sauran ka cike da ruwan RO zalla. Abin da kake zubawa na alkaliniti a da, a rage shi daidai da abin da kalk ya kawo.

Ɗigo-ɗigo ake ba da shi, da dare, a tankin ƙasa inda ruwa ke gudu, nesa da hita da bakin famfo. Famfon ɗigo mai taima ya fi. In babu, jarka da siririn tiyo da bawul, ɗigo ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu. Bakin tiyon ya tsaya sama da ruwa, in ya nutse zai toshe da farin dutse. Fara da rabin abin da lissafi ya ba ka, ka auna alkaliniti kullum har mako guda, kuma kada pH ya hau fiye da 0.2 a zubi ɗaya. Wanda ya haɗa kalk da na'urar cike ruwa mai sarrafa kanta ya tuna cewa ranar da makunninta ya maƙale, duk abin da ke jarkar zai shiga tanki. Kada jarkar ta ɗauki fiye da na kwana biyu ko uku.

In hakan ta faru, ruwa zai yi fari kamar madara, pH ya haura 8.6. Tsayar da kalk, ka ƙara motsin ruwa. In ya wuce 8.6 kuma bai fara sauka ba, zuba farin binega mililita 1 ga kowace lita 4, wanda ke sauke kusan 0.3, a wurin da ruwa ke gudu, ka jira ka sake aunawa kafin ka ƙara. Sikima ta ci gaba da aiki, domin ƙwayoyin bakteriya za su cinye binegar su ja iskar oksijin. Farin zai kwanta da kansa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma gwajin alkaliniti a ruwa mai farin nan lambar ƙarya zai ba ka, sai ya washe.

9. In har yanzu bai hau ba

Duba abin da kai da kanka kake sakawa. Na'urar narka dutsen kalsiyam da gas ɗin CO2 tana fitar da ruwa mai pH wajen 6.5, rage kumfar gas ɗin, ka ƙara gwangwani na biyu cike da dutsen, ko ka sa ɗigon ya sauka a sashen ciyawa. Binega ko wani abincin bakteriya da ake zubawa don rage nitiret shi ma yana sauke pH, sai a mai da shi tsakar rana. Sabon tanki da bai kai wata uku ba yakan yi ƙasa saboda ruɓewar abin da ke jikin duwatsu, wannan lokaci ne maganinsa. Canjin ruwa kuwa ba ya warkar da matsalar CO2: sabon ruwan zai sha iskar ɗakin ya koma daidai da tsohon cikin yini guda.

Kowane gyara ka yi shi shi kaɗai, ka ba shi kwana biyar zuwa bakwai kana rubuta awon safe da na yamma tare da alkaliniti, sannan ka ƙara na gaba. Da zarar awon safe ya daina sauka ƙasa da 7.9, alkaliniti kuma bai motsa fiye da dKH 0.5 a rana ba, tsaya a nan, ka koma saita mita sau ɗaya a wata.